Nazarin lamari: yadda fim ɗin Dune ya kusa watsa wata majalisar Hausawa a Jidda

Wannan bayani ne a kan wata majalisa ta Hausawa mazauna Jidda, wadda ke zama a shagon wani tela, da kuma rigimar da ta shiga tsakaninsu bayan sun kalli Dune: Part Two a 2024. Na halarci wasu daga cikin zaman, sauran kuma na ji daga bakin waɗanda abin ya shafa. Kowa zan kira shi da sana'arsa ko asalinsa.

## Tushe: 2018 zuwa 2023

Saudiyya ta yi sama da shekara 30 babu gidan sinima. A Disamba 2017 aka sanar da ɗage haramcin, aka buɗe na farko a Riyad a Afrilu 2018, Jidda kuma ta samu nata a Janairu 2019 a Red Sea Mall. Yawancin 'yan majalisar nan sun tashi ne da kallon kaset da faifai a ɗaki: na Indiya, na Masar, da na Kannywood da alhazai ke shigowa da su. Babban allo da ƙarar da ke girgiza kujera sabon abu ne gare su, kuma sun karɓe shi hannu biyu.

Su 14 ne. Akwai haifaffun nan waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, akwai waɗanda suka zo neman abinci daga Kano da Damagaram, akwai kuma mutum biyu daga Sudan. Asalin abin da ya haɗa su adashe ne na riyal 50 duk mako, ana zubawa daren Juma'a a shago, ana shan shayi. Daga baya suka ƙara riyal 10 a gefe na fita kallo sau ɗaya a wata.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 rusau ya ci tsofaffin unguwannin Jidda irin su Gulail da Karantina da Sabil da Kandara, inda Hausawa da yawa suka yi shekaru suna zaune. Maƙwabtan da a da ƙafa ke kai su shago suka warwatsu, wasu gabas, wasu can kudu. Telan ma sai da ya sauya shago. Daga lokacin zaman mako da fitar wata ne kaɗai ke haɗa fuskokinsu.

Sun kalli kashin farko na Dune a 2021 ba tare da wata hayaniya ba. Ƙorafin da aka fi yi shi ne fim ɗin yana jan ƙafa, kuma ya ƙare a daidai inda labari ya fara daɗi.

## Afrilu 2024: kallon Sallah

An yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu. A cikin makon, mutum 12 daga majalisar suka shiga kallo, tare da ƙanwar telan da matar ɗaya daga cikinsu. Fim ɗin minti 166 ne, na darakta Denis Villeneuve, an ɗauko shi daga littafin da Frank Herbert ya fitar a 1965.

Ga wanda bai kalla ba: labarin yana faruwa ne a wata duniya ta hamada zalla mai suna Arrakis, inda ake haƙo wani sinadari da tafiyar kumbo tsakanin taurari ba ta yiwuwa sai da shi. Manyan gidajen sarauta na wasu duniyoyi suna kashe juna a kansa, mutanen hamadar kuma, Fremen, suna zaune cikin ƙishirwa da zalunci suna jiran mai ceto. Sai ga Paul Atreides, ɗan gidan sarautar da aka hallaka, ya faɗo hannunsu shi da mahaifiyarsa. Wasu suka ce shi ne wanda ake jira. A bakinsu sunan mai ceton Lisanul Gaibi ne, kuma Mahdi. An ɗauki yawancin fitowar hamada a Wadi Rum ta Jodan da Liwa ta Abu Dabi, yashin da duk mazaunin Jazirar Larabawa zai gane.

Akwai wata fitowa da Paul ya ce shi ba Mahdi ba ne, sai Stilgar, dattijon Fremen, ya juya ya gaya wa mutanensa cewa wannan musun ma alama ce, don tawali'u ne ya hana shi faɗa. Zauren ya fashe da dariya, har da yawancin 'yan majalisar. Mutum biyu ba su yi dariya ba: wani direban motar kaya ɗan Kano, da wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ɗan Mai Wurno ta Sudan. Direban ya tashi ya fita kafin a gama. Ɗan Mai Wurno ya zauna har ƙarshe, amma a mota bai ce uffan ba.

## Ra'ayoyin da suka bayyana a makon farko

A zaman da ya biyo baya aka ga majalisa ta rabu.

Matasan, wajen mutum biyar, su fim ya biya su. Zancensu hawan ƙatuwar tsutsar yashi, da kiɗan Hans Zimmer, da filin dagar gidan Harkonnen, maƙiyan su Paul, da aka nuna ba launi, fari da baƙi. Ɗayansu ya ce shi bai ma lura da wani Mahdi ba, yana can yana riƙe da kujera.

Direban kuwa magana ɗaya yake maimaitawa. Ya ce wa telan: "Yaya, da kuɗinmu muka je aka ɗauki abin da Annabi ya yi mana bushara da shi aka ɗora wa wani yaro Bature, aka sa mutane suna faɗuwa ƙasa suna masa kamar sujada, mu kuma muna cin gugguru. Ni ban ga bambancin wannan da izgili ba." Mutum uku suka goyi bayansa. Ɗaya ya ƙara da cewa an kwashi sutura da kalmomi da hamadar Larabawa, amma manyan 'yan wasan babu Balarabe: Stilgar ɗin ma Javier Bardem ne, ɗan Sifaniya.

Sai wani ɗalibin injiniya, wanda shi kaɗai ya karanta littafin. A wurinsa fim ɗin gargaɗi ne a kan masu hawa addini don su kai ga mulki, kuma duk wanda ya ji haushi bai fahimci labarin ba.

Ɗan Mai Wurno bai shiga kowane ɓangare ba. Ya zuba adashensa ya tafi. Kowa ya ɗauka yana tare da direban.

## Afrilu zuwa Mayu: abin da aka gwada

Telan ya fara da ƙuri'a: fim ɗin cin mutunci ne ko ba cin mutunci ba ne? Aka tashi bakwai da huɗu, masu cewa ba cin mutunci ba ne suka yi rinjaye, sauran suka ƙi jefawa. Direban ya ce ba a jefa ƙuri'a a kan aƙida. Kafin ƙuri'ar ana musu ne kawai. Bayanta kowa ya san sunan wanda ke wancan ɓangaren.

Sai aka hana zancen gaba ɗaya, duk wanda ya tayar zai biya tarar riyal 10. Dokar ta yi mako biyu. Zancen ya bar bakin mutane ya koma habaici. Wani zai miƙa wa ɗan'uwansa shayi ya ce "karɓi, Lisanul Gaibi", matasa su ƙyalƙyale. A daren da aka yi haka sau biyu, ɗan Mai Wurno ya ajiye kofinsa ya fita, kuma daga ranar sai dai ya aiko da kuɗinsa.

Mataki na uku na ɗalibin ne. Ya nemi a ba shi dare guda ya yi bayani, ya kuwa zo da shiri. Ya nuna cewa a cikin labarin kansa, annabcin da Fremen ke riƙe da shi wata ƙungiyar mata ce, Bene Gesserit, ta shuka shi tun ƙarnoni don amfanin kanta. Ya ce Herbert ya fitar da Dune Messiah a 1969, inda yaƙin da aka yi da sunan Paul ya ci rai biliyan 61. Ya ce marubucin da kansa ya kwatanta kamfanin da ke juya cinikin sinadarin da OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, kuma ya ɗebi abubuwa daga tarihin gwagwarmayar Imam Shamil da Rasha a tsaunukan Kaukasus. Ya kuma ambaci cewa littafin yana kiran yaƙin jihadi, fim ɗin ya kauce wa kalmar. Duk abin da ya faɗa haka yake. Amma ya rufe da cewa matsalar mutanenmu ba sa karatu. Direban ya ce: "Malam, ka gama? To ni jahili ne, na ji. Allah ya bar ni da jahilcina." Ɗan Mai Wurno ba ya nan.

Na huɗu, aka je wajen wani malami da suke girmamawa. Ya ce bai kalli fim ɗin ba, ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Abin da ya sani shi ne izgili da addini haramun ne, raba zumunci ma haramun ne. Direban ya riƙe rabin farko, ɗalibin ya riƙe na biyu, kowa ya dawo yana cewa malam ya ba shi gaskiya.

Zuwa ƙarshen Mayu masu zuwa zama sun koma shida ko bakwai. Ba a fita kallon watan ba. Mutum biyu suka ce a ba su kuɗinsu na adashe idan zagayen ya ƙare.

## Yuni: aikin Hajji

Hidimar Hajji ta ɗauke kowa, aka yi Arfa ranar 15 ga Yuni, ba a zauna ba duk watan. A ƙarshensa yaƙin Sudan, wanda ya ɓarke tun 15 ga Afrilu 2023, ya shiga jihar Sannar, garin Sinja ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati. Mahaifiyar ɗan Mai Wurno da ƙannensa suna yankin, wayarsu ba ta shiga. Telan ne kaɗai ya sani, shi ma don ya je gidan ne da kansa.

## Yuli: zaman Muharram

Sabuwar shekarar 1446 ta kama a farkon Yuli. Telan ya shirya abinci a gidan kawunsa, wani dattijo haifaffen Makka da kowa ke kira Baba, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya ce addu'a za a yi wa 'yan'uwa na Sudan. Bai ambaci fim ba. Mutum 13 suka zo.

Bayan addu'a Baba ya ce ya ji labarin rigimarsu, shi bai taɓa shiga sinima ba kuma ba shi da niyya, amma yana da abin da zai faɗa musu game da rana irin ta yau. Ranar 1 ga Muharram 1400, wato 20 ga Nuwamba 1979, yana saurayi a unguwar Misfala. Da asuba Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka rufe ƙofofin Harami da bindigogi, suka tsayar da surukinsa Muhammad al-Ƙahtani suka ce shi ne Mahdi, a yi masa mubaya'a a gaban Ka'aba. Mako biyu ba ɗawafi. An kashe wanda aka ce Mahdin ne a cikin faɗan, a Janairu 1980 kuma aka zartar da hukuncin kisa a kan mutum 63. Baba ya ce abin da bai taɓa barin zuciyarsa ba shi ne da yawa daga cikin waɗanda suka bi su ba 'yan iska ba ne. Masu tsayuwar dare ne, mafarki aka ce an yi, suka gaskata. Ya ce: "'Ya'yana, wanda aka yaudara ta hanyar imaninsa ba abin dariya ba ne. Wanda ya yaudare shi kuma ba abin karewa ba ne. Ku a cikin biyun nan wanne kuka yi?"

Nan ɗan Mai Wurno ya yi magana, karo na farko cikin wata uku. Ya ce shi fim bai dame shi ba. Kakannin kakanninsa suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. An kashe Sarkin a Burmi a Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran suka yi gabas har bakin Shuɗin Nilu, inda garinsu yake yau. Abin da ya riƙe ƙafafunsu a hanya, in ji shi, imani ne cewa a gabas za a sadu da Mahdi. Ya ce da ya ga Stilgar, kakansa ya gani, mai rawani da tasbaha, mai ganin alama a cikin komai. "Baba, da zaure ya yi dariya ban ji komai ba, ban san su ba. Amma na waiga dama da hagu, 'yan'uwana ne suke riƙe da ciki. Bayan haka kuma aka mayar da abin sunan tsokana a kan shayi, ni kuwa ina duba waya ko Inna ta kira."

Babu wanda ya kare kansa. Saurayin da ya fara tsokanar ya taso ya durƙusa gabansa ya ce: "Yaya, wallahi ban sani ba. Ka yafe mini." Ɗalibin ya nemi afuwar direban a kan maganar karatu.

## Agusta: sake kallo a gida

Telan ya ba da shawara a sake kallon wurare uku kawai a talabijin ɗin gida, ana tsayarwa, da sharaɗi ɗaya: kafin mutum ya faɗi ra'ayinsa, sai ya faɗi abin da ya gani a allo, ɗaya ɓangaren ya yarda haka ne. Direban ya amince ya zauna, ya ce in aka zo wurin durƙuso zai kau da kai.

Aka fara da fitowar Stilgar. Ba wanda ya yi dariya, kuma wani ya lura cewa dattijon shi ne mutum mafi riƙon amana a fim ɗin. Na biyu, inda mahaifiyar Paul take cewa za ta fara jawo masu rauni da masu tsoro. Direban ya ce a maimaita, aka maimaita, ya ce wannan matar ita ce shaiɗaniyar. Na uku shi ne ƙarshen fim, inda ake nuna Chani, budurwar Fremen da Paul yake so. Ƙanwar telan, wadda ke zaune daga bakin ƙofa, ta ce: "Yaya, ku tsayar. Jama'a sun durƙusa, ita Chani tana tsaye. Kuma da fuskarta aka rufe fim ɗin, ba da tasa ba. Ku duk rigimarku a kan namijin kuke." Ɗalibin ya tabbatar da cewa a littafi Chani ba ta juya wa Paul baya haka ba, darakta ne ya sauya don gargaɗin ya fito fili.

Ɗan Mai Wurno ya kawo abin da ya fi tsaya wa mutane. Ya ce Shehu Usmanu ma an yi ta raɗe-raɗin shi ne Mahdi, ya musanta a rubuce, ya kuma tsaya a kan musunsa har ya koma ga Allah. Yaron fim ɗin ya musanta, da ya ga sunan zai ba shi runduna sai ya karɓa. Direban ya gyaɗa kai ya ce to a nan sun haɗu. Amma ya ƙara da cewa ko labarin yana kushe maƙaryaci ne, shi bai yarda a sa wannan suna cikin abin nishaɗi ba, kuma ba zai sake shiga sinima ba.

## Inda aka kwana

Zuwa Satumba zaman daren Juma'a ya koma mutum 12 zuwa 13. Cikin biyun da suka nemi kuɗinsu, ɗaya ya fasa, ɗaya ya karɓa ya tafi bai dawo ba. An raba asusun kallo da na adashe, wanda ba ya zuwa sinima ba ya biyan riyal 10. Direban da mutum ɗaya suna cikin adashe, ba sa fita kallo. Kafin kowace fita ɗalibin yana faɗin abin da fim ya ƙunsa a taƙaice, duk wanda bai gamsu ba ya zauna ba tare da an tambaye shi dalili ba. Iyalan ɗan Mai Wurno sun samu fita zuwa gabashin Sudan, majalisa ta haɗa musu gudummawa.

## Abin da na fahimta

Matakai huɗun farko sun faɗi ne saboda an ɗauka rigima ɗaya ce mai ɓangare biyu, alhali uku ce. Tambayar ɗalibin ita ce me fim ɗin yake nufi, kuma a kan wannan yana da gaskiya: labarin ba ya yabon Paul. Tambayar direban ita ce ko ya halatta a taɓa sunan ko da wace niyya, wadda tarihin Herbert ba ya amsa ta. Ɗan Mai Wurno kuwa ba da fim yake ba, da mutanen da ke zaune kusa da shi yake. Ƙuri'a ta tilasta masa zaɓi tsakanin amsoshi biyu da babu tasa a ciki, dokar hana zance ta toshe hanyar da zai faɗa, ta kuma bar tsokanar da ke ci masa rai.

Zaman Muharram ya yi aiki ne don wanda ya buɗe zancen ba shi da ɓangare, ga shekaru, ga shi ya ga abin da idonsa a Makka, don haka ba mai iya ce masa bai karanta ba ko bai damu da addini ba. Ina kuma ganin zuwan da telan ya yi gidan ɗan Mai Wurno a watan Yuni ya fi duk dabarun da aka yi a shago nauyi, domin wata biyu ana fassara shirun mutumin ba wanda ya taka ya tambaye shi. Sake kallon ya zo a kan gaɓa. Da an yi shi a Afrilu, da wani filin musu ya zama.

Ni ina cikin waɗanda fim ɗin ya burge, kuma ina ganin gargaɗinsa ya shafe mu fiye da yawancin masu kallonsa a Turai da Amurka, saboda daga boren Satiru kusa da Sakkwato a 1906 zuwa Makka a 1979 mun san abin da wannan da'awa ke jawowa. Duk da haka ƙorafin da aka yi kan 'yan wasa yana nan daram: an ari hamada da sutura da kalmomin mutane, ba a ba su manyan gurabe ba. Ɗalibin ma da aka matsa masa a zaman Agusta ya ce wannan kam ba shi da abin da zai kare darakta da shi.